Fitilar da Ta Sake Kamawa a Motar Mzee Kibwana

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kira ofishin 'yan sanda daga tashar tasi ta Tandika, aka ce Mzee Kibwana ya ƙi tashi daga barci.

Sufeto Kimaro ya isa ya tarar da direbobi sun yi cincirindo a jikin wata farar mota 'yar Japan, tana cikin rumfar kwano, bayanta na kallon katanga. Tsohon na kwance a kujerar direba, hularsa a kan fuska. Duk wanda ya san zafin Dar es Salaam ya san wannan barcin: a ɗage gilasai, a kunna esi, a bar inji na aiki. Ba wanda bai taɓa yi ba a cikinmu, kuma kowa cewa yake ɗan runtsawa ne kawai.

Kimaro dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar ya tarar an tattake masa wuri. Ya dubi direbobin ɗaya bayan ɗaya har sai da suka ja da baya.

"Wa ya buɗe motar?"

"Ni ne, Afande," in ji wani saurayi mai jajayen idanu. "Sunana Sudi, ɗansa ne ni. Sun yi ta bubbuga gilashi bai motsa ba, ƙofofi a kulle, sai suka kira ni."

Bayan an ɗauke gawar, Sufeto ya miƙa hannu ya murɗa makullin da ke jikin motar. Inji ya tashi da wani gurnani. Duk fitilun dashbod suka mutu, ban da ɗaya, rawaya, mai siffar inji.

"Wannan fa?"

"Ita ce mafarin komai!" in ji Sudi. "Jiya ya kai motar unguwar Tabata wajen Fundi Tatu mai gyaran wayar mota saboda fitilar nan, ta ce ta gyara. Yau da ya dawo daga masallaci ya shigo tasha yana faɗa, wai fitila ta dawo, mota har ta canza murya."

Wani ƙaƙƙarfan dattijo mai tabon wuta a hannuwa ya dafa kafaɗar yaron. Fundi Chande ke nan, mai walda, aminin marigayin tun suna samari. Sudi Ami yake kiransa, kamar ƙanin uba.

"Mace da wayar mota!" in ji Chande da ƙarfi, yadda na baya za su ji. "Sau nawa na gaya masa? Ta haɗa masa waya a birkice, wuta ta bi ta kujera ta tsayar masa da zuciya. Afande, in ba za ku kama ta ba, ku faɗa mana mu san abin yi."

Kimaro ya ja Kofur Dotto gefe, ya ce ya hau babur ya ɗauko matar nan kafin wasu su riga shi. Da ƙyar Dotto ya riga su, don yana fitowa da ita ya hangi samarin tasha a bakin layi, ɗaya na riƙe da jarkar fetur.

Washegari da safe likita ya bugo waya. Ba wutar lantarki ba ce, ba ciwon zuciya ba ne. Hayaƙin salansa tsohon ya shaƙa har ya mutu. Kimaro ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa tukuna.

Yana ajiye waya, shugaban ofis ya leƙo.

"Bayan la'asar za a binne shi. Direbobi sun aiko min cewa daga maƙabarta Tabata za su wuce, sai dai in sun ji an caje ta da kisa. Ka caje ta, Kimaro, mu samu lafiya."

"Ka ba ni zuwa la'asar ɗin, Afande."

"Ko minti ba zan ƙara maka ba."

Aka shigo da Fundi Tatu. Gajeruwar mace ce mai kauri, ƙasan farcenta baƙi ƙirin da mai, kuma da ganin idonta ba ta runtsa ba a bayan kanta. Da 'yar mitar awon wuta ɗaya ta fara a gindin bishiya, har ta kai ga gareji mai ƙofar ƙarfe da sunanta a jiki. Yanzu sunan da garejin duk suna hannun mutumin da ke zaune gabanta.

"Me kika yi wa motar Mzee Kibwana?"

"Abin da ya kawo ta. Sensar iska ta baya."

"Yi min bayani kamar wanda bai taɓa ɗaga bonet ba."

"Wani ɗan ƙarfe ne mai kama da filogi, a ɗaure jikin bututun salansa. Yana shinshinar hayaƙi, yana gaya wa kwamfutar mota yadda mai ke ƙonewa. Amma ba ya aiki sai ya ɗauki zafi, shi ya sa aka sa masa 'yar hita a ciki. Waya huɗu gare shi, biyu na saƙo, biyu masu launi ɗaya na hita. In wuta ba ta bi ta hitar ba, fitila ta kama."

"Sai ki cire ki sa wani."

"Sai na auna tukuna, Afande, ni ba mai canza kaya da ka ba ce. Na duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Na auna soket, wuta na zuwa. Na ɗora mita a wayoyin hita, shiru, ta tsinke daga ciki. Sannan na canza sensar, na goge laifin a kwamfuta, muka zaga da shi, fitila ba ta dawo ba."

"Sabuwa kika sa?"

"Sabuwa fil."

Kimaro ya jingina da kujera. "Dotto ya juye shagonki, bai ga kwalinta ba. Ya tambayi masu kayan gyara na layinku, sun ce rabon da su ga sabuwar irinta an kwana biyu."

Tatu ta sunkuyar da kai.

"Ta hannu ce, daga motocin da ake yankawa. Shi da kansa ya ce in sa masa ita. Na auna ta, lafiya take. Tsoro na ji, kada ku ce ita ta kashe shi."

"Ƙarya ɗaya ke nan, Dada," in ji Kimaro, yana kiranta yadda ake kiran 'yar'uwa a garin. "In na kama ta biyu, ba ni da abin da zan iya yi miki."

"To ka ba ni na'urata, ka kai ni wajen motar. Sensa ba ta kisa. In aikina ne ya kashe shi, ni zan fara faɗa."

Motar na farfajiyar ofis inda babbar mota ta ɗauko ta ta sauke, rana na dukanta. Dotto ya cire wa Tatu ankwa, ta soka na'urar awo a ƙarƙashin sitiyari. Rubutu ya fito, ta juya wa Sufeto fuskar na'urar.

"Laifin shekaranjiya ne ya dawo, hitar sensar baya."

"Wato aikinki bai yi ba."

"Dakata."

Ta buɗe akwatin fiyus, ta zaro ɗaya ta ɗaga wa rana. Ya ƙone ƙurmus. Ta sa wani, ta murɗa makulli, ya ce tas.

"Ka ji? Shekaranjiya tsinkewa ce, fiyus ba ya ƙonewa don waya ta tsinke. Wannan waya ce tsirara take taɓa ƙarfe. Ba cutar da na yi wa magani ba ce."

Ta tura kujerar direba baya, ta ɗaga kafet. Soket ɗin sensar na nan a cikin mota, da rawayan tef ɗin da ta naɗa masa, ko ɓantarewa bai yi ba. Amma inda wayar ke ratsa ƙasan mota ta fita waje, sai ga rami kamar faɗin kwabo, ana hangen ƙasa ta ciki. Bakin ramin ya yi baƙi da toka.

"Akwai robar da ke toshe nan," in ji Tatu, muryarta ta yi ƙasa. "Da hannuna na danna ta."

Suka kwanta a ƙasa su biyu suka kutsa ƙarƙashin motar, Sufeto da farar rigarsa. Wayoyin nan huɗu sun murɗe kamar igiyar shanya, fatarsu ta fashe, jan ƙarfe na leƙowa.

"Wani ya kwance sensar bai cire soket ba. Yana juya sifana, waya na murɗewa, har ta fizgo robar. Ko almajirin da ya yi wata ɗaya a wajena ba zai yi haka ba."

"Me zai hana mutum cire soket?"

"Yana cikin mota. In ƙofa a kulle take, ta ina zai kai gare shi?"

"Me yake nema da zai kwance ta?"

Tatu ta ɗauki sifana ta ƙwanƙwasa tukunyar da ke tsakiyar bututun. Ta amsa ƙwal, kamar gwangwanin da babu kome a ciki.

"Masega," in ji ta.

Kimaro ya ja tsaki. Ba mai mota a garin nan da bai san masega ba, wannan abu mai kama da saƙar zuma da ke cikin tukunyar salansa yana tace gubar hayaƙi. Akwai masu saye da tsada, don haka akwai masu yankewa. A sauke bututu, a yanka taga ta sama inda ido ba ya kaiwa, a farfashe a zazzage, a liƙe da walda a mayar. Mai mota zai yi wata da watanni yana gaisawa da ɓarawonsa bai sani ba.

Tatu ta zura ɗan madubi ta saman tukunyar, Kimaro ya haska da tocila. Ga tagar nan. An yi wa gefe uku walda tsaf, na huɗun kuwa an fara an tsaya a rabi. Sauran an shafe shi da baƙar laka, ta bushe ta tsattsage ta zube. Kafar na daidai ƙarƙashin ramin da ke gindin kujerar direba.

Kimaro ya gutsuro lakar ya kai hanci, wari ne irin na lambatu.

Da suka fito ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Motar ta wuni a garejinki, kuma Tabata cike take da masu walda. Me zai hana in ce ke kika sa aka yi, kika murɗe wayar don ki ɓad da sawu?"

Hawaye suka cika idon Tatu, amma ta danne. Ta latsa na'urar ta miƙa masa.

"Kwamfutar tana ƙirga tafiya. Tun da na goge laifin, motar ta yi sama da kilomita ɗari. Tun da fitila ta sake kamawa kuwa, ko biyar ba ta cika ba. Da a wajena aka murɗe wayar nan, da tun a ƙofar gareji fiyus zai ƙone."

Kimaro ya ƙura wa lambobin ido. Direbobi sun ce ranar Alhamis daga Tabata gida tsohon ya wuce, ranar Juma'a kuma ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba. To wa ya ci wannan doguwar hanya?

A gidan makoki an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, mata na dafa shayi a bayan gida. Kimaro ya aika aka kira masa Sudi zuwa gindin wata bishiyar mangwaro.

"Daren Alhamis ina motar ta kwana?"

"A gida, Afande. Ko motsi ba ta yi ba."

"Jiya ka ce ƙofofi a kulle suke, makulli kuma na jikin mota. Da me ka buɗe?"

Sudi ya buɗe baki ya rufe.

"Ina jinka."

"Na... na yanka nawa makullin a ɓoye. Baba ba ya ba kowa makullinsa, ko Mama."

"Ina ka je da ita?"

"Bagamoyo, bikin abokina. Kafin asuba na dawo da ita. Wallahi ban taɓa mata kome ba!"

"Ka tsaya wajen mai walda?"

"Mai walda kuma? Me zan yi da shi?"

"Fitilar ta kama a hanya?"

"Ko sau ɗaya. Lafiya lau take tafiya, ba ka jin ƙararta. Shi ya sa da Baba ya ce ta canza murya, gabana ya faɗi, na zaci ni na lalata ta." Ya fashe da kuka. "Da Ami ya ce matar nan ce, sai na ji sanyi a raina."

Kimaro ya bar shi ya share fuska.

"In mahaifinka zai je Juma'a, ina yake ajiye mota?"

"Ƙofar shagon Ami, kullum. Yana tare masa wuri da tsohuwar taya, a kan lambatu, wai nan ne inuwa take."

"Ka gan shi a masallaci jiya?"

"Kusa da Baba yake tsayawa, amma jiya ban gan shi ba. Ya ce ya makara ne, a sahun waje ya yi."

Daga tasha zuwa layin masallacin Kimaro ya sa Dotto ya auna da motar ofis. Kilomita huɗu da ɗoriya.

Shagon Chande a rufe yake, mai shi na can wajen wankan gawa. A gabansa babban lambatu ne mai zurfi, an jera katako biyu a kai daidai faɗin tayoyin mota. Haka makanikan gefen titi ke yi a nan, ba su da ramin gareji, sai su ɗora mota a kan lambatu su shige ƙasa.

A tsallaken titi Mama Shida na juya tukunyar shinkafar pilau. Ta ga 'yan sanda ta ɗaure fuska.

"Ni ban ga kome ba, ban ji kome ba."

"Ban tambaye ki ba tukuna, Mama. Zuba min faranti ɗaya."

Ta zuba. Ya ci loma biyu, ya yaba, fuskarta ta ɗan saki.

"Mzee Kibwana ya ci a nan jiya?"

"Allah ya jiƙansa, kowace Juma'a nan yake zama da dattawa, su ci su yi ta musun ƙwallo har abinci ya huce."

"Da amininsa?"

"Chande? Jiya sai da suka kusa tashi ya zo, gwiwoyin wandonsa duk baƙar laka. Na ce masa, tsoho da kai kana wasa a lambatu ranar Juma'a? Ya ce sifana ce ta faɗa masa. Sai zagin masu wuta yake, don sun ɗauke ana tsakiyar huɗuba. Ko rabin faranti bai ci ba." Ta tsaya, ludayi a hannu. "Afande, me ya sa kake tambaya?"

"Pilau ɗinki ya yi daɗi," in ji Kimaro.

Ya naɗe ƙafar wando ya sauka cikin lambatun. Ga shaidar gwiwa biyu a laka, ga ɓarɓashin wani abu fari-fari mai ƙananan ƙofofi. Ya tona da yatsa a gefen bango, ya ciro wata baƙar roba zagayayya, ta tsage gefe ɗaya.

Dotto ya washe baki. "Shi ke nan, mu kama shi."

"Zai ce lambatu na kowa ne, kuma kowa na da gwiwa. Ka ga direbobin nan? Shi ya wanke gawar, shi zai shiga kabari. Ba za su yarda da roba ba, sai sun ji daga bakinsa."

Ladan ya kusa kiran la'asar. Suka koma ofis a guje. Kimaro ya sa Tatu ta yanko roba mai kauri ta toshe ramin, ta bi da gam, ta mayar da kafet kamar ba a taɓa ba.

"Kin tabbata ba abin da zai shiga?"

"Ko ƙwayar hayaƙi. Amma me za ka yi?"

"Zan gani ko akwai sauran mutum a cikinsa. In babu, Dada, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi yau, kuma ba ni da mutanen da za su tsare miki gareji."

Ya mayar mata da ankwa, ya sa ta a bayan motar ofis.

An idar da sallar gawa ke nan, jama'a na fitowa daga masallaci, sai ga farar motar nan Dotto ya ajiye ta a bakin titi. Layi ya yi tsit. Wasu suka hangi Tatu a motar 'yan sanda, aka fara guna-guni. Wani yaron tasha ya tofa yawu a gilashin.

Kimaro ya miƙa wa Sudi makulli a gaban kowa.

"Mun gama da ita. Maƙabarta da nisa, ga tsofaffi. Ɗauki biyu ka bi bayan makara." Ya juya. "Fundi Chande, kai ne amini, kujerar gaba taka ce."

"A'a, Afande. Ni da ƙafa zan raka ɗan'uwana."

"Yadda ka so. Sudi, tayar da ita ka ɗage gilasai, ka kunna musu esi. Kada rana ta kayar da dattawa kafin makara ta wuce."

Sudi ya shiga, tsofaffi biyu suka zauna a baya. Ƙofofi suka rufu, gilasai suka hau, inji ya kama gurnani.

Makara ta fito, tana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Chande ya sa tasa kafaɗar, amma wuyansa na waiwaye. Da aka karɓe shi bai bi gaba ba, ya tsaya. Jama'a sun cika titi, mota ba ta da hanya, sai ta jira kowa ya wuce. Gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

Kimaro na jingine da motar ofis, hannu a aljihu. Rabin mutane sun wuce. Chande ya yi taku biyu ya bi su, ya ba motar baya.

A cikin mota Sudi, wanda bai yi barci ba tun jiya, ya kifa kansa a kan sitiyari.

Chande ya waiwayo ya gani. Wata irin ƙara ya yi, ya ture mutane, ya fizge ƙofar, ya cakumo yaron ya jawo shi ƙasa.

"Fito! Ku fito duka! Hayaƙi ne, ta ƙarƙashin kujera yake shiga! Sudi, buɗe ido, yi numfashi!"

"Ami, lafiya? Ni ba abin da ya same ni."

Masu makara suka tsaya. Kimaro ya tako a hankali, ya miƙa hannu ya kashe injin.

"Wane hayaƙi, Fundi? Jiya cewa ka yi wutar lantarki ce. Ni da likita da matar can kaɗai muka san abin da ya kashe shi. Kai wa ya gaya maka?"

Chande ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Na... ni mai walda ne, na ji ƙarar salansar..."

"Ka ji ƙara, har ka san ta ƙarƙashin kujera yake shiga?" Kimaro ya buɗe tafin hannunsa, ga baƙar robar. "A lambatunka na tsince ta, tare da ɓarɓashin masega. Ramin an toshe shi tun ɗazu, yaron ba abin da ya shaƙa. Na mahaifinsa ne ba wanda ya toshe."

Chande ya zauna daɓas a titi.

"Ban yi niyya ba," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Rabin motocin garin nan ba masega suke yawo, wa ya mutu? Na yi wa wasu, ban taɓa yi masa ba. Mai saye ya matsa min, irin na motar Kibwana yake so. Na ce kafin ya fito daga masallaci ya ci abinci na gama, ba zai taɓa sani ba. Motar a kulle, na kwance abin da wayarsa, robar ta faɗo min a ƙirji na yar. Ina cikin walda aka ɗauke wuta. Na shafe da laka, na ce Juma'a mai zuwa zan ƙarasa."

"Da ka ji ya mutu fa?"

"Na tuna robar."

"Sai ka nuna wa samari garejin matar da ba ta yi maka kome ba."

Chande ya rufe fuska da hannuwa. Sudi ya ja jiki daga kusa da shi, yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Kai ka wanke shi, Ami. Da hannuwan nan ka wanke shi."

Guna-gunin ya juya. Waɗanda jiya suka ɗauki jarka suka fara matsowa, wani ya sunkuya neman dutse. A nan ne kowa ya ji muryar Kimaro a sama, abin da ko Dotto bai taɓa ji ba.

"Wanda ya ɗaga hannu, tare da shi za su kwana a bayan kanta! Jiya saura kaɗan ku ƙona marar laifi, ba ku ji kunya ba? Ga gawa can tana jiranku a rana!"

Liman ya yi gyaran murya ya ce a ɗauki makara. Aka ɗauka, amma ba wanda ya iya tafiya da sauri.

Dotto ya fito da Tatu, ya buɗe ankwar ya ɗaura wa Chande. Da za a sa shi a mota ya juyo.

"Afande, ka bar ni in zuba masa ƙasa, ko hannu ɗaya."

Kimaro ya dubi Sudi. Yaron ya girgiza kai, aka tura tsohon ciki aka rufe ƙofa.

Tatu na tsaye tana murza wuyan hannunta inda ƙarfe ya ci. Sudi ya matso, ya durƙusa a gabanta, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Fundi, ki yafe min. Ban sani ba."

Ta dube shi, ta dubi bayan direbobin da ke bin makara.

"Tashi ka je ka binne mahaifinka, mutumin kirki ne, bai taɓa raina aikina ba. Amma jiya a tsakiyar tasha ka kira sunana, kowa ya ji, yau kuma raɗa kake min. Gobe ka koma inda ka tsaya, ka faɗa da irin waccan muryar. Ni da sunan nan nake ci."

"Zan faɗa."

"Sai na ji."

Sudi ya miƙe ya ruga ya cim ma makara. Motar ofis ta juya ta ɗaya hanyar, Chande a baya, kansa tsakanin gwiwoyi. Tatu ba ta jira a rage mata hanya ba, ta tsallaka titi ta tsayar da babur, ta ce ya kai ta Tabata ta buɗe shago.